Ɗan Babur Ɗin da Jirgi Ya Tsinto a Hamadar Tenere

A watan Janairun 1977 wani Bafaranshe ɗan shekara 27 mai suna Thierry Sabine ya ɓace a kan babur a ƙuryar arewacin Nijar, tsakanin garin Dirku da sansanin soja na Madama, dab da iyakar Libiya. Ba ruwa, ba inuwa, ba mahaluƙin da zai tambaya hanya. Ya kwana biyu a wurin, har ya fid da rai, sannan wani ƙaramin jirgin sama da aka tura nemansa ya hango shi. Wannan ɓatan ne ya haifar da tseren Faris zuwa Dakar, wanda babura da motoci suka yi kusan shekara 30 suna keta Sahara a cikinsa. Mutumin da jirgi ya ceto kuwa, a cikin jirgi ajali ya cim masa bayan shekara tara. Ga yadda abin ya kasance.

Ƙasar da abin ya faru

Wurin ba wata uwa duniya ba ce daga inda muke. Wanda ya shiga mota a tashar Kawo a nan Kaduna, ya miƙi hanyar Zariya, bayan kilomita kamar 230 yana Kano. Daga Kano ya bi ta Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya wuce Matamaye da Kance, sai Damagaram. Daga nan ya nausa arewa ta Tanut, kilomita kamar 450, sai ya hango doguwar hasumiyar ƙasa ta masallacin Agadas, mai tsawon mita 27. Duk tsawon tafiyar nan da Hausa zai sayi abinci, da Hausa zai yi cinikin mota, domin ko a Agadas ɗin, birnin Abzinawa, Hausa ce harshen kasuwa. To, daga gabashin Agadas hamadar Tenere ta soma, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 400,000. Muna da rabonmu a cikinta ko ba mu je ba: ƙurar hunturun da ke rufe sararin Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu, mafi yawanta daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi da yankin Bilma iska ke kwaso ta.

Abin da ke sa Tenere ta fi sauran hamada haɗari shi ne rashin alama. Akwai inda za a yi yini ana tafiya a shimfiɗaɗɗen rairayi, gabas da yamma, kudu da arewa duk kamarsu ɗaya. A da akwai wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tak, dangin bagaruwa, a kan hanyar Bilma, wadda ake kwanaki a kan raƙumi ba a ga wata ba bayanta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma aka kafa ta ƙarfe, don matafiya ba za su iya rashin alamar ba.

Masu ƙasar sun san yadda ake shigarta. Kowace shekara bayan kaka Abzinawa kan haɗa ayarin raƙuma su keta ta zuwa Fashi da Bilma, su kai gero su karɓo dabino da kantun gishiri, sannan su gangaro da shi kudu, Damargu da Damagaram har Kano. Suna ɗaukar ciyawar raƙumansu da ruwansu a salka, suna tafiya tun asuba har tsakar dare ba zango. A gaba akwai madugu uban tafiya, mai duba rana da inuwa da taurari da yadda iska ta kwantar da rairayi. Ƙa'idarsu ɗaya ce, kuma ba ta canzawa: ba a shiga Tenere ba jagora, ba a shigarta mutum ɗaya.

Babur ma ya taɓa ratsa Sahara tun kafin a haifi Sabine. Ranar 11 ga Disamba 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin gefe, yana jan 'yar tirela. Sun bi ta Aljeriya, injinsu ya lalace kafin Agadas, suka zauna a garin makonni suna jiran kayan gyara daga Ingila, sannan suka gangaro Kano. Sun isa birnin Kef na Afirka ta Kudu ranar 29 ga Yuli 1935. Amma su a hankali suka bi tsohuwar hanyar ayari, rijiya zuwa rijiya. Sabine da abokansa tsere suka zo yi, kowa na son ya riga kowa.

Kwana biyu ba ruwa

Tseren da ya kawo shi wani Bafaranshe ne, Jean-Claude Bertrand, ya shirya, daga Abijan ta ƙasar Kodibuwa zuwa birnin Nis a kudancin Faransa. Karo na biyu ke nan da ake yin sa. Sabine ba baƙon harkar ba ne, don tun 1975 ya kafa wani tseren babura a rairayin bakin teku na garin Le Touquet. Yana kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya, wanda girman injinsa ya ninka na Boxer ɗin 'yan acaba sau biyar. A ƙafa ake tayar da shi, ga nauyi idan an cika masa babban tanki, kuma in ya kwanta a rairayi sai mai ƙarfi ke ɗaga shi.

A zangon Dirku zuwa Madama ya kauce daga sawun 'yan'uwansa ya faɗa yankin tudun Cigai, ƙasar baƙaƙen duwatsu da rairayi. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, ya yi faɗuwar da ta fasa masa kamfas da agogo, ga ruwansa ya ƙare. A wancan zamani babu wayar hannu, babu na'urar da ke nuna wa mutum inda yake ta tauraron ɗan'adam. Wanda ya rasa kamfas a wurin nan ya rasa idonsa. Ya bar babur ɗin ya taka da ƙafa, bai ga kowa ba, bai ga sawun komai ba.

Watan Janairu ne, tsakiyar sanyi. Da rana iska busasshiya na tsotse ruwan jiki tun mutum bai ji gumi ba, leɓe ya tsattsage, harshe ya yi nauyi. Da dare kuma sanyin hamada na saukowa har kusa da daskarewar ruwa, mai ƙishirwa ya kwana yana makyarkyata. Sabine ya ce sai da ya riƙa tsotsar tsakuwa don yawu ya taru a bakinsa. Akwai wata laya da wani abokinsa Buzu ya ba shi, ita ya yi ta murzawa a hannu. Amma a cikin wannan hali ya yi dabara guda wadda ta zame masa sanadi: ya tattara duwatsu ya jera su a fili, layi biyu gicciye, manya yadda za a iya hange daga sama. Hamada ba ta jera duwatsu a miƙe. Duk matuƙin da ya ga haka ya san hannun mutum ne.

A can zango kuwa an ƙirga masu tsere an ga babu ɗaya. Sunansa na cikin takarda, lambar baburinsa na cikin takarda, an san inda ya tashi da inda ya nufa. Bertrand ya sa aka shiga nema ta sama. Matuƙin da ya dace shi ne Jean-Michel Siné, wanda ya hango jerin duwatsun, ya ga mutum kusa da su, ya ɗauko shi a galabaice. Da sauran shan ruwansa a gaba.

Wani da ya sha irin wannan, ko a mafarki ba zai so ya sake ganin rairayi ba. Shi kuwa sai ya koma Faransa da hamadar a zuciyarsa. Ya ƙudura cewa zai kawo mutane da yawa su ga abin da ya gani, amma da sharaɗin da ya koya da jikinsa: duk wanda ya shiga, a san da shigarsa, in ya ɓace a tashi a nemo shi.

Daga Faris zuwa Dakar

Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182, babura da ƙananan motoci da manya, suka tashi daga dandalin Trocadéro a Faris. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasat suka shigo Nijar, Agadas da Yamai, suka wuce Gawo da Bamako, tafiyar kilomita kamar 10,000. Ranar 14 ga Janairu 1979 guda 74 kacal suka isa Dakar. Wanda ya zo na ɗaya wani saurayi ne ɗan shekara 22, Cyril Neveu, a kan irin babur ɗin da Sabine ya ɓace da shi. Tun a karon farkon nan aka yi rashi: wani ɗan babur ya faɗi kusa da Agadas, raunin ya zama ajalinsa.

Abin da ya bambanta wannan tsere da ayari shi ne rabinsa a sama yake tafiya. Ɗan babur shi kaɗai ake gani a hoto, hular kwano a kai, takardar hanya a naɗe cikin wani ɗan akwati a kan kan babur, yana murza ta da yatsa yana karanta kwana da rami da alƙibla cikin gudu. Amma kafin ya tashi da asuba, manyan motoci sun riga sun kai durom-durom na mai tsakiyar daji. Jiragen ɗaukar kaya na tsallakawa daga zango zuwa zango da kanikawa da masu dafa abinci da likitoci da 'yan jarida. Jirage masu saukar ungulu na shawagi a kan hanya, in wani ya faɗi su sauka su ɗauke shi. A can ƙarshe kuma wata babbar mota ce ke bin baya tana kwashe waɗanda ababen hawansu suka mutu. Kowace yamma ana duba takarda suna bayan suna. Daga baya aka wajabta wa kowa ɗaukar na'urar kiran agaji da ruwan ajiya, sannan a farkon shekarun 1990 na'urar GPS ta shigo.

Duniya ta fara sanin tseren sosai a Janairun 1982, lokacin da Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya Margaret Thatcher, ya ɓace a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu. Motarsu Fijo 504 ce, irin wadda ake haɗawa a Kakuri, nan Kaduna, a lokacin. Mahaifinsa ya taso takanas zuwa Aljeriya, aka baza jirage, bayan kwana shida wani jirgin sojan Aljeriya ya hango su da ransu.

Guguwar 1983

Babbar jarrabawa ta zo a 1983, shekarar da Sabine ya fara shigar da tseren cikin tsakiyar Tenere. Suna tsakanin Dirku da Agadas guguwar rairayi ta taso. Irin wannan iska tana shafe sawu cikin ɗan lokaci, ta rufe rana, mai babur ba ya ganin abin da ke 'yan taku a gabansa. Masu tsere suka watse kamar an tarwatsa garke, kowa na zaton shi ke kan hanya. Da aka yi ƙirga, mutum 40 babu labarinsu.

A nan ne aka ga amfanin wahalar da Sabine ya sha. Ya san abin da mai ƙishirwa ke ciki a daren farko da na biyu, ya san kuma cewa kowace sa'a tana da tsada. Ya shiga jirgi mai saukar ungulu ya yi ta keta hamadar, ya gano wannan ya nuna masa alƙibla, ya ɗauko wancan, ya koma ya sha mai ya sake tashi. Kwana huɗu ana wannan aiki, kuma duka arba'in ɗin aka same su da rai. A shekarar Hubert Auriol ne ya ci tseren babura a kan BMW, Jacky Ickx ya ci na motoci, amma sunan Sabine ne ya fi fita. A shekarar ce kuma kamfanin Yamaha ya fitar da wani sabon babur mai babban tanki ya raɗa masa suna Ténéré, sunan da har yau ake sayar da babura da shi.

Sai dai jirgi kaɗai ba ya sanin ƙasa. A Agadas Sabine ya dogara da Mano Dayak, wani Ba'abzine ɗan tsaunukan Ayar da ya yi karatu a waje ya dawo ya buɗe kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet. Shi da mutanensa suka san inda rijiya take, da inda rairayi ke haɗiye mota, da inda za a bi a tsallake tuddai. Ilmin madugai ne aka ɗora wa inji da fiffike. Mano Dayak daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen Abzinawa, ya rasu a haɗarin jirgi ranar 15 ga Disamba 1995 a kan hanyarsa ta zuwa tattaunawar sulhu. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi.

Agadas ta ci moriyar tseren. Masu masauki da direbobi da maƙeran azurfa da masu sayar da mai duk sukan yi kakarsu a 'yan kwanakin nan, har a 1997 aka tsara tseren daga Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. Amma akwai waɗanda suka biya da abin da ba ya dawowa. Motocin tsere sun kashe mutanen ƙauyuka da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ciki har da wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na Mali a 1988, da yara maza biyu a Gini da Senegal a 2006. Masu suka sun ce bai dace a mai da ƙasar masu fama da fari filin wasan masu kuɗi ba, kuma maganarsu na da nauyi.

Daren Gurma Rarus

Sabine ya ji wannan suka. A tseren 1986, bayan farin da ya addabi Sahel, ya haɗa da wani shiri na kafa famfunan ruwa a ƙauyuka, shahararren mawaƙin Faransa Daniel Balavoine kuma ya zo don wannan aiki. Ranar 14 ga Janairu suna Gawo. Sabine ya tsaya buɗe wani wasan ƙwallo da aka shirya don tseren, abin ya ja lokaci, suka tashi da yamma lis a jirgi mai saukar ungulu za su zangon Gurma Rarus. Jirgin ba na tafiyar dare ba ne, ga iska ta taso da ƙura. Da duhu ya rufe sai suka sauka a daji, saura kilomita kamar 20. Jim kaɗan suka sake tashi, suna tafiya ƙasa-ƙasa suna bin fitilar wata motar tsere. Saura kilomita kamar takwas su isa, jirgin ya faɗi ya tarwatse.

Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya fita: Sabine mai shekara 36, Balavoine, 'yar jarida Nathalie Odent, matuƙi François-Xavier Bagnoud, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Mutumin da ya kafa wa dubban mutane dokar kiyaye hamada, karya doka guda ta tafiyar dare ta ishe shi. An kai tokar gawarsa aka watsa a gindin wata itaciya da ke tsaye ita kaɗai a arewacin Tenere, wadda tun daga lokacin ake kira da sunansa. Mahaifinsa Gilbert, likitan haƙori, ya karɓi ragamar tseren.

Tseren ya ci gaba, kulawar da ake yi wa rayukan masu yin sa kuma ta ƙaru. A Janairun 2000, suna kan hanyar Dakar zuwa Alƙahira, aka yi gargaɗin cewa 'yan bindiga na dakon su a arewacin Nijar. Nan take aka tsayar da tseren a Yamai, aka ɗauko manya-manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov 124, aka yi ta jigilar babura da motoci da mutane ta sama, aka tsallake Tenere baki ɗaya aka sauke su a Sabha ta ƙasar Libiya. A Disamban 2007 aka kashe Faransawa huɗu masu yawon buɗe ido a Muritaniya, sai aka soke tseren 2008 ana gobe za a fara. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Sunan Dakar kawai ya rage masa na Afirka.

Waɗanda ba a tura wa jirgi

Hanyar da Sabine ya ɓace a kanta ba ta mutu ba. Agadas, Dirku, Madama, Sabha: ita ce hanyar da dubban 'ya'yan Afirka ta Yamma suka yi ta bi zuwa Libiya, da 'yan Najeriya masu yawa a ciki. An daɗe ana fita daga Agadas duk ranar Litinin, a bayan Hilux, mutum ashirin da wani abu a mota guda. Na gefe suna zaune ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada barci ko gargada ta jefar da shi. Fuska a naɗe da rawani, a jikin mota kuma jarkokin ruwa ne a ɗinke cikin buhu, kowa ya rubuta sunansa a jikin tasa. Sau da yawa wannan rubutun na jikin jarka shi ne kaɗai wurin da aka rubuta sunan matafiyin a duk tafiyar.

A watan Oktoban 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat, suka lalace a daji kafin iyakar Aljeriya. Mutanen suka jira, ruwa ya ƙare, suka watsu da ƙafa neman rijiya. Da masu agaji suka kai gare su a ƙarshen watan, gawa 92 suka tarar: yara 52, mata 33, maza 7. An samu uwa da 'ya'yanta a wuri guda. Akasarinsu mutanen yankin Kance ne, Hausawa 'yan'uwanmu da ke tsallaken Daura, waɗanda talauci ya kora. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. A ƙarshen Mayun 2017 wasu 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace, yawancinsu 'yan Gana da Najeriya, har da jarirai. Mutum shida da suka kai ga ruwa da ƙafa su suka kawo labari. A shekarar ce kuma Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure kamar bayi a Sabha.

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'ai, suna bin inda ko mota ta mutu ba mai wucewa, wasu kuma in sun hango sintiri su zubar da fasinja su gudu. An soke dokar a Nuwamban 2023. Tun 2016 IOM tare da jami'an agajin Nijar ke fita da motoci neman waɗanda aka yasar, kuma sun ceto dubbai. Aiki ne abin yabo, amma mota ba ta ganin abin da jirgi ke gani, kuma ba a fita neman wanda ba a san ya ɓace ba.

Nan ne darasin labarin yake. Ƙishirwar da ta kama Sabine ita ce ta kama matan Kance, rairayin ɗaya ne, ranar ɗaya ce. Bai fi su juriya ba, bai fi su son rai ba. Kwanan kowa na hannun Allah, amma ta fuskar sababi, abin da ya raba su shi ne an rubuta sunansa, an ƙirga an ga babu shi, akwai kuma wanda ya ɗauki nemansa a matsayin wajibi. Mutum 40 sun ɓace a 1983 an samo su duka cikin kwana huɗu da na'urorin wancan zamani. Bayan shekara 30 cif, yara 52 sun mutu a hamadar ƙasa ɗaya, da wayar tauraron ɗan'adam da GPS a duniya.

Don haka kira na farko ga hukumomin Najeriya da Nijar ne. Duk abin da ke tsakanin gwamnatoci, jama'ar ɗaya ce, kuma gawar da ake tonowa a rairayi ta gidajenmu ce. A nan Kaduna rundunar sojan sama ke horar da matuƙanta, a Zariya kuma akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964. Da irin wannan, ƙasashen biyu ba su rasa yadda za su haɗa hannu su sa ido a kan hanyar nan ta sama, su tanadi rijiyoyi da wuraren kiran agaji, su kuma tilasta rubuta sunan duk fasinjan da ya bar Agadas ko Arlit.

Kira na biyu gare mu ne, iyaye da malamai da masu unguwa, daga Rigasa zuwa Tudun Wada, daga Badarawa zuwa Unguwar Shanu. Idan yaro ya fara sayar da baburinsa yana zancen Libiya ko Aljeriya, kada a bar shi da dillalin da ya ce masa tafiyar kwana uku ce. A zaunar da shi a faɗa masa abin da ya faru a 2013 da 2017, da adadin da wurin. A taimaka masa da jari ko sana'a gwargwadon hali, domin wa'azi kaɗai ba ya tsayar da mai yunwa.

Kai kuma saurayi mai wannan niyya, ka sani waɗanda suka keta Tenere a babur suka dawo suna ba da labari, da jirage a samansu da likitoci a bayansu suka yi, duk da haka wasunsu ba su dawo ba. Kai ba wanda zai ƙirga ka da yamma. Neman halal wajibi ne, amma ranka amana ne a hannunka, kada ka kai shi inda in ka faɗi ba mai zuwa nemanka.